Kafin Ka Kwaso Imel ɗin Kamfaninka Zuwa Sabar Taka, Zauna Ka Yi Lissafi

Tambaya ɗaya ce ta fi yawan zuwa mini a 'yan kwanakin nan daga masu kamfanoni, makarantu masu zaman kansu da asibitoci: "Kuɗin hayar akwatunan imel da muke biya da dala ya yi mana nauyi. Shin ba gara mu sayi sabar tamu, mu girke ta a ofis, mu huta ba?"

Tambayar tana da tushe. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura naira 1,500. Kamfanin da ke da ma'aikata 120, yana biyan dala 6 a wata kan kowane akwati a wajen Google ko Microsoft, yana fitar da dala 8,640 ke nan a shekara. A tsohon farashi kuɗin bai cika naira miliyan 4 ba, a farashin Fabrairun 2024 kuwa ya doshi miliyan 13, alhali ba a ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Duk mai dukiyar da ya ga haka dole ya nemi mafita.

Amsata ita ce ana iya yi, wasu ma ya kamace su su yi. Amma duk wanda ya fara da tambayar "nawa ake sayar da sabar?" ya ɗauko zancen daga wutsiya. Mai doki ya san ba kuɗin da ya biya a kara ne ke cin aljihunsa ba, harawa ce da dusa da magani da ladan mai kula da shi. Haka sabar take. Don haka a yau za mu bi lissafin daki-daki, mu ga girman abin da za ka saya da kuma abin da zai ci maka a cikin shekara biyar.

Wace ce matsakaiciyar sabar?

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aka ƙera don ta yi ta aiki dare da rana tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Matsakaiciya, wadda a kanta za mu yi lissafinmu, ita ce wadda ta fi kwamfutar tebur ƙarfi da juriya nesa ba kusa ba, amma ba ta kai manyan injinan da bankunan duniya ke amfani da su ba. Wadda ta yi suna a wannan aji ita ce AS/400 da kamfanin IBM ya fitar a 1988, wadda tsarinta ke nan har yau da sunan IBM i. Kamfanoni da yawa a Amurka da Turai sun ɗora imel ɗinsu a kanta ta hanyar manhajar Lotus Domino, bayan IBM ya sayi Lotus a 1995. Tun 2019 wannan manhaja ta koma hannun kamfanin HCL na Indiya. A kasuwarmu ta yau, in an ce matsakaiciyar sabar galibi ana nufin irin su Dell PowerEdge, HPE ProLiant ko Lenovo ThinkSystem. Ko wacce ce ka zaɓa, hanyar awon ɗaya ce.

Fara da auna abin da ke hannunka

Kada ka yi hasashe. Shiga shafin mai kula da tsarin imel ɗin da kuke amfani da shi yanzu, ka fitar da rahoton girman kowane akwati. Abu huɗu kake nema: yawan akwatunan da ake amfani da su da gaske, girman kowanne, yawan saƙon da ke shiga da fita a rana, da kuma lokacin da aiki ya fi cunkushewa.

A nan mutane kan yi mamaki. Za ka tarar da akwatunan ma'aikatan da suka bar aiki tun shekaru biyu ana ta biya musu kuɗi. Za ka tarar da akwatuna irin na "tambaya" ko "ciniki" da aka buɗe a matsayin cikakken akwati, alhali laƙabi kawai suke bukata wanda zai tura saƙo zuwa akwatin wani. Sau da yawa wannan shara kaɗai takan rage kuɗin haya sosai, har mai kamfani ya ga ba sai ya yi ƙaura ba.

Za ka kuma ga cewa akwatunan ba girmansu ɗaya ba. Direba da mai gadi ƙila ba su cika rabin gigabait ba, amma akanta, da mai sayo kaya, da shi kansa shugaban kamfani kowannensu na iya kai gigabait 20 ko 30, saboda takardun kuɗi da hotunan kaya da ake turo musu. Raba ma'aikata gida uku: masu nauyi, matsakaita da marasa nauyi, ka yanka wa kowane gida iyakarsa. Akwatin da ba shi da iyaka rumbu ne da ba a taɓa sharewa.

Lissafin wurin ajiya

Mu ɗauki wancan kamfani mai ma'aikata 120 a matsayin misali. Lambobin da zan kawo na gwaji ne, kai sai ka maye gurbinsu da naka.

Mu ce in an haɗa duka akwatunan an raba, kowane mutum yana da gigabait 4. Jimla gigabait 480 ke nan da za a kwaso ranar ƙaura. Mu ce kuma kowane mutum yana karɓa da aika saƙo 40 a rana, kowane saƙo kilobait 150 a matsakaici. Megabait 6 ke nan a rana. A ranakun aiki 250 ya zama gigabait 1.5 ga mutum ɗaya, gigabait 180 ga kamfani duka a shekara. A shekara biyar gigabait 900. Haɗa da 480 na farko, ka samu 1,380.

Ba a nan lissafin ya tsaya ba. Manhajar imel tana gina fihirisa don a iya neman tsohon saƙo da sauri, tana kuma rubuta tarihin duk abin da ya shiga da wanda ya fita, duk waɗannan suna cin wuri. Takardar da aka liƙa a saƙo takan kumbura da kusan kashi ɗaya bisa uku saboda yadda ake mayar da ita rubutu kafin a aika, shi ya sa fayil mai megabait 18 ke zama kusan 24 a hanya. Kamfani zai ɗauki sababbin ma'aikata. Sannan faifan da ya cika maƙil yana rage gudu, wani lokaci ma ya tsayar da karɓar saƙo gaba ɗaya, don haka ka bar aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a fili. In ka haɗa duka, kamfaninmu na misali yana bukatar terabait 2 da za a iya amfani da su.

Lura da kalmar "da za a iya amfani da su". Faifai yana mutuwa, kuma ba ya sallama. Saboda haka ake haɗa faifai da yawa ta yadda in ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba, tsarin da ake kira RAID. A tsarin RAID 10 rabin abin da ka saya ne kawai naka, ɗaya rabin madubi ne. Terabait 2 na aiki na nufin sayen terabait 4, da faifai guda na ko-ta-kwana a ajiye a cikin durowa. In kuɗinka ya kai, sayi faifan SSD na ajin sabar, domin aikin imel karanta ƙananan abubuwa ne barkatai sau dubbai, kuma a nan ne faifai mai juyawa ke gajiya.

Wani kuskure da ke jefa mutane cikin kuka shi ne ɗaukar RAID a matsayin kwafin ajiya. In ma'aikaci ya goge akwati, ko ɓarayin intanet suka kulle bayananka suna neman fansa, ko gobara ta tashi, madubin ma ya tafi tare da asalin. Ƙa'idar da masana suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Tanadi wurin kwafi da ya ninka na aiki sau biyu zuwa uku, wato terabait 4 zuwa 6 a misalinmu. Kuma duk wata uku ka gwada dawo da akwati guda daga kwafin, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙwaƙwalwa da furosesa: manhaja ce ke yanke hukunci

Zaɓi manhaja kafin ka zaɓi inji, domin bambancin bukatunsu babba ne. Microsoft ya ba da shawarar aƙalla gigabait 128 na RAM ga sabar akwatuna ta Exchange 2019. Zimbra tana farawa daga gigabait 8. Tsarin mailcow, wanda ya haɗa Postfix da Dovecot a kan Linux, yana neman gigabait 6 a matsayin mafi ƙaranci. Mafi ƙaranci kuwa na kunna inji ne kawai, ba na ɗaukar kamfani ba. Ga ma'aikata 120 a kan Linux, gigabait 32 da furosesa mai ƙwayoyi takwas sun isa har da rara.

Abin da ke cin ƙarfin sabar ba adana saƙo ba ne, tace shi ne. Kowane saƙo da ya shigo sai an bincike shi don ƙwayar cuta da saƙon banza. Ka kuma tuna cewa ma'aikaci ɗaya ba haɗi ɗaya ba ne: yana da waya, yana da kwamfutar tafi-da-gidanka, wani ma da kwamfutar tebur, kuma kowace na'ura takan buɗe haɗi da yawa a lokaci guda. Ma'aikata 120 na iya zama haɗi ɗaruruwa da safiyar Litinin. Wannan safiya ita za ka auna, ba daren Asabar ba.

Layin intanet da sunanka a idon duniya

Nan ne ƙaura da yawa ke karyewa. Sabar imel tana bukatar adireshin IP tsayayye wanda ba ya canzawa, da kamfanin intanet da zai buɗe maka ƙofa ta 25 wadda sabar ke aika wa 'yar'uwarta saƙo ta ciki, ya kuma yarda ya rubuta maka bayanin PTR, wato shaidar da ke nuna adireshin naka ne. Layin gida da na wayar hannu ba sa ba da waɗannan. Sai layin kasuwanci, wanda ya fi tsada, kuma guda biyu kake bukata daga kamfanoni daban-daban.

Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo. Dole mai aikawa ya kasance da shaidar SPF ko DKIM, mai aika saƙo da yawa kuwa sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Wanda bai cika ba, saƙonsa ya faɗa kwandon shara ko a mayar masa da shi. Kafin ka karɓi adireshin IP daga kowa, duba shi a jerin baƙin littafi irin na Spamhaus, domin kana iya gadon adireshin da wani ya ɓata wa suna. Takardar neman kwangilar da ta kwana a kwandon sharar abokin ciniki ta fi kuɗin hayar shekara guda tsada. Mafita mai sauƙi ita ce ka riƙa karɓar saƙo a sabar taka, amma ka biya wani amintaccen kamfani ɗan kuɗi kaɗan ya riƙa fitar maka da saƙonni ta adireshinsa.

Akwai kuma riba a ajiye sabar a cikin ƙasa. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hidimomi da dama da ke ƙasashen waje sun yi wuyar samu. Ofishin da sabarsa ke cikin gida, ma'aikatansa na iya ci gaba da aika wa juna saƙo a irin wannan rana.

Wuta, sanyi da ƙura

Sabar da ke jan wat 300 tana shan kilowat-awa 216 a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa. A wannan farashi sabar kaɗai ta ci naira 48,600. Na'urar sanyaya ɗaki, in mun ce tana jan rabin kilowat a matsakaici, za ta sha kilowat-awa 360, wato naira 81,000. Ka ga mai sanyaya ta fi wadda ake sanyayawa ci. Jimla kusan naira 130,000 a wata, sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma wannan in wutar ta tsaya ke nan. Duk awar da aka koma kan janareto kuɗin ya ƙaru.

Ba za a iya kauce wa sanyin ba. Zafin da aka fi so ga ɗakin sabar yana tsakanin digiri 18 da 27, alhali a Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yana haura 40. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankokin inji. Ɗakin ya zama rufaffe, mai makulli, ba wurin ajiye tsofaffin fayiloli da butar shayi ba.

Dare da ranakun hutu, lokacin da janareton ofis ke kashe, su ne jarrabawa. Don riƙe nauyin wat 500, wato sabar da na'urorin haɗi, na tsawon awa takwas, kana bukatar kilowat-awa 4. Tunda ba a zuƙe batir har ƙasa, sai ka tanadi batirin lithium mai kilowat-awa 5 ko fiye, da inbata mai kyau, da sola in da hali. Abin kwantar da hankali shi ne in sabar ta ɗauke na 'yan awoyi saƙonni ba sa ɓacewa, domin sabar mai aikawa takan ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar. Amma kashe inji ba zato ba tsammani yana lalata bayanai, wannan kuwa ba ya gyaruwa da jira.

Saboda waɗannan dalilai, kafin ka gina ɗaki nemi farashin ajiye injinka a cibiyar bayanai. Akwai Rack Centre a Legas, akwai Galaxy Backbone a Abuja. Injin naka ne, su kuma su ba ka wuta, sanyi, tsaro da layi, ka riƙa biya duk wata. Sau da yawa wannan ya fi sauƙi in aka kwatanta da gaskiyar abin da ɗakin ofis zai ci.

Lasisi, tsaro da mutumin da zai riƙe amana

In Exchange ka zaɓa, za ka biya lasisin Windows Server, da na Exchange, da lasisin kowane mai amfani. Ka sani kuma Microsoft ya daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoban 2025, sabon da ya gaje su na biyan kuɗi ne lokaci-lokaci. Kada wani ya sayar maka da tsohon a kan araha, araha ba ta ado. A watan Maris 2021 an kutsa cikin dubban sabar Exchange a faɗin duniya ta wata kafa da aka gano, waɗanda suka yi jinkirin ɗora gyara su suka fi shan wuya. Manhajojin Linux irin su mailcow ba su da kuɗin lasisi, amma suna bukatar gwani.

Wannan gwani shi ne layi mafi muhimmanci a takardar lissafinka. Sabar imel tana fuskantar intanet kai tsaye, ana ƙwanƙwasa ƙofarta dare da rana. Dole a samu mai ɗora gyare-gyaren tsaro, mai duba kwafin ajiya, mai tashi in ta tsaya ranar Sallah. Rubuta albashinsa ko kuɗin kwangilarsa na shekara biyar. Kada kuma makullan su kasance a kan mutum ɗaya: a rubuta kalmomin sirri da yadda aka tsara komai, a rufe a ambulan, a ajiye a wajen shugaban kamfani. Sunan yankin kamfani a intanet ya kasance an yi masa rajista da sunan kamfani, ba da sunan ma'aikaci ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 in aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ranar da imel ya dawo hannunka, wannan nauyi kacokan yana wuyanka.

Ranar ƙaura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gigabait 480 a kan layi mai megabit 20 zai ɗauki sama da awa 53, in layin bai yi komai ba sai wannan aiki. Ga kuma wani shinge: Google yana taƙaita abin da za a sauke daga akwati ɗaya ta hanyar IMAP, wato hanyar da ake bi a kwaso saƙonni, zuwa megabait 2,500 a rana. Akwatin akanta mai gigabait 25 kwana goma ke nan. Don haka a fara kwafar tsofaffin saƙonni makonni biyu ko uku kafin ranar, da manhaja irin imapsync, ana yi da dare, ma'aikata na ci gaba da aiki a tsohon wuri.

Fara da mutum goma daga sassa daban-daban, su yi mako biyu a sabon tsari. Kwana biyu kafin sauyi, a rage wa'adin bayanin MX, wato alamar da ke nuna wa duniya inda za a kai saƙonku, zuwa minti biyar, don sauyin ya bazu da sauri. A yi sauyin da yammacin Juma'a bayan an tashi, a sake kwafar saƙonnin da suka shigo daga baya, a kwana biyu ana gwaji. Kalanda da lambobin abokan hulɗa ba sa bin IMAP, sai an kwashe su daban. Kuma kada a rufe tsohon tsari sai bayan wata guda. Kuɗin wannan wata da za ka biya gida biyu, sa shi a lissafi tun yanzu.

Hukunci

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A dama rubuta kuɗin haya na shekara biyar, wanda a misalinmu dala 43,200 ne. A hagu rubuta inji, faifai, ma'ajiyar kwafi, lasisi, layi biyu, wuta, sanyi, batir, albashin gwani, kuɗin ƙaura, da kashi 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Ka tuna inji da faifai da lasisi su ma da dala ake shigo da su.

A ganina, kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba ya zauna a haya, ya share akwatunan da ba a amfani da su, ya nemi tsari mai rahusa. Wanda ya haura 100, yana da gwani amintacce da mataimakinsa, yana iya cin riba, musamman in ya ajiye injin a cibiyar bayanai. Wanda kuwa ba shi da mai kula da ita, komai yawan ma'aikatansa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ya kai mai kamfani, imel ɗinka shi ne rasiɗinka, shi ne yarjejeniyarka, shi ne shaidarka ranar da aka yi jayayya. Kada ka sa hannu a takardar sayen sabar sai ka ga lissafin shekara biyar a rubuce, ka kuma san sunan wanda zai tashi in ta tsaya da tsakar dare. Allah ya sa albarka a nema.